Ɗanmaraya Jos da Waƙar Mutanen Bariki

An haifi Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗanmaraya Jos, a garin Bukuru a 1946, ya kuma rasu a Jos a 2015, amma sauyin da ya kawo wa waƙar baka ta Hausa a tsawon wannan rayuwa bai samu kulawar da ta kamace shi ba, saboda ƙanƙantar abin kiɗansa da sauƙin harshensa sun sa mutane da yawa suna ɗaukarsa mai nishaɗantarwa kawai. Waƙar baka ita ce wadda ake ƙagawa a ka, a rera ta da kiɗa a gaban jama'a, saɓanin rubutacciya wadda malami kan tsara a takarda baiti-baiti da amsa-amo, kuma a ƙasar Hausa ta dauri wannan fanni yana da tsari mai ƙarfi, inda kowane makaɗi yake da ubangida, kowane rukunin jama'a kuma yake da kiɗansa. Abin da Ɗanmaraya ya yi shi ne ya ɗauki kayan aikin makaɗan fada, wato yabo da kirari da zuga da habaici, ya fita da su tasha da kasuwa da bakin ramin haƙa, ya ɗora su a kan mutanen da ba a saba ganin sun kai a wasa su ba. Ba a gane yadda hakan ta yiwu sai an fara duban garin da ya tashi a ciki.

Jos da Bukuru garuruwan kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narkar da kuza, fatake suna kai ta kasuwanni, kuma bin sawun wannan haja ne ya kai wakilan Kamfanin Neja saman tsaunukan Filato a farkon ƙarni na 20, inda suka kafa sansani a Naraguta. Daga wajen 1910 kamfanonin haƙa suka yi ta kwararowa, aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, sannan babban layi ya zo ta Kafanchan a 1927, shekara guda bayan an ware Lardin Filato. Ƙasar ta Birom ce da Anaguta da Afizere da sauran ƙabilun dutse, amma aikin ya bukaci hannaye fiye da waɗanda ke wurin, don haka leburori suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Barno, akawuna da kanikawa kuma suka zo daga kudu, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da faɗa da neman aure da shi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin dole, wanda talakawa suka kira diban gwamna, aka yi ta kwaso manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato har 1944, da yawansu kuma sanyin dutse da yunwa da cuta suka halaka su. Shekara biyu bayan ƙarshen wannan aka haifi Ɗanmaraya, a Bukuru.

Irin wannan zama shi Hausawa ke kira bariki. Asalinsa matsugunin da Bature ya kafa ne don ma'aikatansa, amma ya zama sunan wata rayuwa ce sukutum, ta mutumin da ya baro gandun mahaifinsa da idon dangi, yake karɓar lada a ƙarshen mako, yake haya a ɗaki ɗaya da wanda bai san asalinsa ba, kuma caca da giya da gidan magajiya suke jiran kuɗin tun kafin su yi ɗumi a aljihu. Masanin halayyar al'umma ɗan Amurka Leonard Plotnicov, wanda ya zauna a Jos a farkon shekarun 1960, ya gina littafinsa na 1967 a kan wannan batu, cewa mazauna birnin kusan duk baƙi ne, kowa da garin da yake kira gida. A wajen mai waƙa wannan yana nufin abu biyu: masu sauraro suna da 'yan kuɗi a hannu, kuma ba su da tarihin kakanni ɗaya da za a zuga su da shi.

A nan ne bambancin Ɗanmaraya da manyan makaɗan ƙasar Sakkwato yake fitowa. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da fadar Sarkin Musulmi, Musa Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa a ƙasar Maradun, kuma kowannensu yana tafe da ƙungiya: shi jagora yana ja, 'yan amshi suna karɓa suna maimaita gindin waƙa, wato layukan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa, masu kotso ko taushi suna riƙe da kiɗa, sanƙira kuma yana gefe yana ƙara gishiri yana shelar kyautar da aka yi. Aikin wannan ƙungiya shi ne ta tabbatar wa sarki asalinsa, ta jero iyaye da kakanni da yaƙoƙinsu, ta yi wa abokan hamayyarsa zambo, shi kuma ya biya da doki da riga da hatsi. Masani M. G. Smith ya nuna a maƙalarsa ta 1957 cewa roƙo wata hanya ce ta bayyana matsayin kowa a cikin al'umma da kuma kiyaye shi. Jos ba ta taɓa zama masarauta irin ta Kano ko Katsina ba, sarakunan Hausawan garuruwan kuza kuwa shugabannin baƙi ne waɗanda ba su da dogon jerin magabata a wurin. Mahaifin Ɗanmaraya makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron, uwar ma ta bi shi tun yana jinjiri, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan laƙabin ya samo asali. Ke nan ya gaji kiɗa ta jini, amma bai gaji abin da ɗan makaɗi kan gada ba, wato shekarun zama a bayan uba ana amshi, da ƙungiya, da ubangidan da za a miƙa masa.

Tun bai balaga ba ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga masu kaɗa kuntigi abin ya burge shi, ya haɗa nasa da hannunsa, bai kuma sake rabuwa da shi ba. Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, dangin molo da gurmi, sai dai maimakon ƙoƙo ko icce, cikinsa gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai wanda ake rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiyar daga ƙarshen sandan zuwa gindin gwangwanin. Akwai abin lura a nan, domin babban amfanin kuzar da ake haƙowa a Bukuru a masana'antun Turai shi ne shafe ƙarfen gwangwani don kada ya yi tsatsa, ke nan kayan da leburori suka haƙo ne ya dawo musu a matsayin shara, yaro maraya ya tsince shi ya mai da shi sana'a. Muryar kuntigi siririya ce mai kaifi, ba ta da amon da zai cika fili kamar kalangu, kuma tsirkiya ɗaya ba ta ba da muryoyi da yawa, don haka gwanintar tana ga saurin hannu. Ɗanmaraya yakan ware wa kowace waƙa wani ɗan zubin kiɗa gajere da yake maimaitawa da sauri idan ya yi shiru, amma da zarar ya buɗe baki sai yatsun hagu su riƙa sauya wurin danna tsirkiya suna bin hawa da saukar muryarsa, har mai sauraro ya ji kamar bakin biyu ne ke faɗin magana ɗaya.

Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau wasu ke ganin ba ta da ta biyu a cikin ayyukansa, ita ce ta Karen Mota. Karen mota shi ne yaron babbar mota, kuma wanda bai san hanyoyin Filato na wancan zamani ba ba zai gane nauyin aikinsa ba. Shi ne mai tashi da asuba ya duba ruwa da mai, shi ne mai lodi da saukewa da ɗaure tamfol, shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota a tasha yana gadin kaya alhali direba yana ɗaki. A wuri irin Hawan Kibo, inda hanya ke hawowa daga ƙasan dutse da lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana maƙale a bayan bodi da waigi a hannu, wato guntun iccen da ake cusawa a bayan taya, domin in mota ta kasa hawa ta fara ja da baya ya diro ya danna shi kafin ta kwashi fasinja ta yi rami da su. In taya ta yi faci shi ne a ƙasa cikin taɓo, in mota ta ƙi tashi shi ne a turi, sunan da aka ba shi kuma ya isa shaida a kan yadda ake kallonsa. Makaɗan sana'a sun daɗe a ƙasar Hausa, manoma da maƙera da mahauta da 'yan dambe duk suna da masu yi musu kiɗa, amma waɗannan sana'o'i ne na gado masu sarakunansu da tarihinsu. Karen mota ba shi da sarki, ba shi da gado, ba shi da abin da zai ba maroƙi. Yabonsa ya juya ma'anar roƙo, domin an yabi mutum saboda wahalar da yake sha da amfanin da yake yi, kuma wanda zai biya ladan waƙar shi ne duk mai sauraron da ya ga kansa a ciki. Daga baya Ɗanmaraya ya bi wannan hanya ya yi wa lebura da sauran masu ƙananan sana'o'i.

Rashin 'yan amshi ya yi tasiri a kan ginin waƙoƙinsa fiye da yadda ake zato. Jagoran da ke da ƙungiya yana samun hutu a duk lokacin da ake amshi, a nan yake numfasawa ya shirya ɗan da zai biyo baya, kuma maimaicin yana ba shi damar jan waƙa ta yi tsawo ba tare da labari ya ci gaba ba. Mamman Shata, wanda shi ma mawaƙin jama'a ne ba na fada ba, ya dogara da wannan tsari da kalangansa, yana jefa magana guntu-guntu amshi yana ɗinke su. Ɗanmaraya ba shi da wannan, kuntigi ne kaɗai ke karɓarsa, saboda haka dole maganar kanta ta riƙe mai sauraro, kuma hanyar da ya samu ita ce ta labari da kwaikwayo. Yakan kafa mutane biyu ko uku a cikin waƙa, ya ba kowa bakinsa, ya sauya murya daga ta miji zuwa ta mata zuwa ta tsohuwa, har waƙar ta zama ƙaramin wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Wannan ya fi bayyana a waƙoƙinsa na aure. A Jawabin Aure ya jero matsalolin da saki ke haifarwa yana jan hankalin ma'aurata su sasanta, a Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so, a Gulma Wuya kuwa ya nuna yadda magulmaciyar unguwa ke haɗa baki da boka su shiga tsakanin mace da mijinta. Ta ƙarshen ita ce ta fi nuna ƙwarewarsa, domin bai tsaya yana wa'azi a kan gulma ba, ya bar magulmaciyar ta yi magana da bakinta, da ladabin ƙarya da tausayin ƙarya, mai sauraro ya gane ta da kansa. Ba abin mamaki ba ne aure ya zama babban jigonsa, jigo kuwa shi ne saƙon da waƙa ta ginu a kai, domin a bariki babu baffa ko gwaggo ko mai unguwar da ya san iyayen kowa da zai zaunar da ma'aurata, sai mawaƙi ya ɗauki wannan gurbi.

Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana ƙarfafa musu guiwa yana kuma kawo hotunan fagen fama a cikinsu, kuma a wannan zamani ne sunansa ya game ƙasa. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryarsa duk inda ake jin Hausa har Nijar da Gana da Kamaru, faifan garmaho sannan kaset suka biyo baya, talabijin ɗin Binuwai da Filato da aka buɗe a Jos a shekarun 1970 ya sa aka san fuskarsa. Na'ura ta yi wa kuntigi gata, domin siririyar muryar da ba ta cika dandali ba ta dace da makirfo sarai, kuma mutum ɗaya da abin kiɗan da ke shiga aljihun riga ya fi ƙungiyar mutum goma sauƙin ɗauka zuwa ɗakin naɗar murya ko ƙasar waje.

Ana yawan kiransa mawaƙin talakawa, kuma sunan ya dace, amma yana bukatar a iyakance shi. Marubuta waƙoƙin jam'iyyar NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun ɗora laifin talauci a kan tsarin mulki da sarauta, suna kiran a canza shi. Ɗanmaraya bai bi wannan hanya ba. A waƙarsa ta Mai Akwai da Babu, da sauran masu kama da ita, matsalar tana ga hali: mai shi ya daina wulaƙanci ya taimaka, marar shi ya nemi sana'a ya bar lalaci da hassada, kowa ya tuna cewa duniya juyi-juyi ce. Mai neman sukarsa zai ce wannan ra'ayi ba ya tayar wa mai mulki da hankali, shi ya sa gwamnatocin soja da na farar hula duk suka same shi abokin tafiya, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya manta cewa sanya lebura a gurbin da aka saba sanya sarki shi ma magana ce a kan daraja, kuma ta shiga kunnen mutanen da ba su taɓa zuwa taron jam'iyya ba. Wannan nauyi na gargaɗi ya kuma ba shi wata kariya a garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 a ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, lokacin da wa'azi a kan kiɗa da roƙo ya ƙara zafi, domin da wuya a haɗa mai hana gulma da auren dole da maroƙin da ke tsare mutum a hanya da zambo sai ya biya.

Masana sun iso ga irin wannan waƙa a makare, kuma ta hanya mai kwana. Abin da aka fara nazari shi ne karin rubutacciyar waƙa, wato ma'aunin da ke daidaita tsawon layuka, kuma masanin harshe ɗan Amurka Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna a 1949 cewa ma'aunin ya dogara ne ga nauyin gaɓa kamar yadda yake a arulin Larabci, batun da M. K. M. Galadanci ya faɗaɗa a 1975. Gaɓa mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, mai nauyi kuwa ita ce mai dogon wasali ko wadda ta rufe da baƙi, kamar yadda a kalmar gida ta farko take da sauƙi ta biyu take da nauyi, ko da yake rubutun boko ba ya nuna wannan bambanci. An daɗe ana ɗauka cewa wannan tsari na malamai ne, makaɗi kuwa yana bin kiɗa ne kawai yadda ta zo masa. A wani ɓangaren kuma, Milman Parry na Jami'ar Harvard da ɗalibinsa Albert Lord sun naɗi mawaƙan Yugoslabiya a shekarun 1930, waɗanda su ma kowannensu shi kaɗai yake rera waƙa da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, suka nuna cewa mawaƙin baka yana sake gina waƙarsa ne a kowane zama daga tubalan magana da ya tanada, littafin Lord na 1960 kuma ya buɗe ƙofar ɗaukar waƙar baka a matsayin adabi a jami'o'i. Ta wannan ƙofa David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Habib Ahmed Daba ya yi nazari a kan Ɗanmaraya kansa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tsara hanyar nazarin waƙar baka da kalmomin Hausa irin su turke da ɗiya da gindin waƙa, waɗanda ɗalibai ke amfani da su yau.

Wanda ya fi kusantar ƙashin waƙar Ɗanmaraya daga cikin baƙi shi ne Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda Hausawa suka sani da Malam Takalmi, ya fara zama a Nijar a shekarun 1960, ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a shekarun 1970, ya rasu a 2016. Schuh ya ɗauki waƙoƙi uku na aure na Ɗanmaraya ya auna su gaɓa-gaɓa a kan bugun kiɗa, bisa ƙa'idar cewa gaɓa mai nauyi tana cin lokacin masu sauƙi biyu. Amfanin wannan hanya shi ne ta nuna cewa layin da ya yi kama da karyayye a takarda daidai yake a baki, domin mawaƙi yana iya barin gurbi kuntigi ya cike, ko ya ja gaɓa, ko ya fara layi kafin bugu, ba tare da ma'aunin ya ɓaci ba. Ke nan makaɗi yana da aruli nasa wanda bai karanta a littafi ba, kuma malamai ma sun sha aro daga gare shi, kamar yadda Aliyu Namangi na Zariya ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji. Wannan ya rage tazarar da aka daɗe ana sanyawa tsakanin mai alƙalami da mai tsirkiya, ko da yake har yanzu manhajojin makarantu sun fi sakin jiki da na farkon, saboda shi ne ake iya bugawa a yi jarrabawa a kai.

Ɗanmaraya ya samu lambobin girmamawa na ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma kai kuntiginsa ƙasashen waje, amma shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da rushewar duniyar da ta samar da shi. Haƙar kuza ta kamfanoni ta ja baya tun shekarun 1970, faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa ta, aka bar ramuka cike da ruwa a kewayen Bukuru. Rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010 sun raba Jos unguwa-unguwa bisa addini da ƙabila, har tasha da kasuwa, waɗanda su ne dandalin da ya tara masu sauraronsa na farko, suka rabu gida biyu. Ya ci gaba da zama a garin yana kiran zaman lafiya a waƙa da hira. A fagen kiɗa kuma, waƙoƙin finafinan Hausa da ake haɗawa da fiyano a situdiyo sun mamaye kasuwa tun ƙarshen shekarun 1990, kuma Jos tana cikin cibiyoyin wannan sana'a, don haka matashin da ke da murya ya fi ganin riba a can fiye da shekarun da koyon tsirkiya ɗaya ke ci. Ɗanmaraya ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, a kwanakin farko na azumin Ramalana, bayan jinya, aka yi jana'izarsa a Jos. Mafi yawan abin da ya bari yana cikin faya-fayai da kaset-kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo, sau da yawa waƙa ɗaya a zubi daban-daban, kuma duk mai son buga diwaninsa sai ya fara yanke hukunci a kan wane zama ne daga ciki zai ɗauka a matsayin matani.